Firigon da gas ɗinsa bai ƙare ba: yadda wani gida a Damagaram ya bi ta hannun masu gyara uku

A wani gida da ke Garin Malam, cikin Damagaram, akwai firigo mai ƙofa biyu, sama na ƙanƙara, ƙasa na abinci. Na hannu ne, irin waɗanda ake kwasowa daga Turai, ya shekara huɗu a gidan bai taɓa ba da wahala ba. Uwargidan tana ƙulla zoɓo da ruwan tsamiya a leda, yaran unguwa suna zuwa saye da rana. A tsakiyar Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kusan kullum, sai ledar da a da take daskarewa cikin dare ɗaya ta koma kwana biyu ba ta yi tauri ba. Moter kuwa, wato kwampiresan nan baƙi da ke ƙasa ta baya, ya daina hutawa, yana ta gurnani dare da rana.

Cikin kwana goma sha ɗaya masu gyara uku suka zo gidan. Na farko ya ƙara ɓata abin da ya tarar, na biyu ya so ya sayar musu da abin da ba su bukata, na uku ya gyara. Dukkansu ukun sun iya walda, dukkansu sun san sunayen kayan. Bambancinsu ya fito ne a minti goma na farko bayan sun yi sallama.

Halin da firigon yake ciki kafin kowa ya taɓa shi

A cikin kowane firigo akwai ƴar takarda manne, yawanci a bangon hagu kusa da akwatin kayan miya, wani lokaci kuma a baya. Ta wannan firigon ta nuna abu huɗu: gas R600a, giram 52, wuta volt 220 zuwa 240, sai harafin N. Harafin nan shi ne mutane ba su cika kula da shi ba, alhali a Damagaram ya fi sunan kamfanin muhimmanci. Yana faɗin zafin ɗakin da aka ƙera firigon ya jure. SN daga digiri 10 zuwa 32, N daga 16 zuwa 32, ST har 38, T har 43. Firigon da aka yi domin ɗakin girki a Faransa ko Beljiyam, wanda iyakarsa 32, shi aka ajiye a ɗan sito mai rufin kwano, tagarsa tana kallon yamma. Daga la'asar zuwa magariba ɗakin nan tanda ne.

Sannan an manna shi da bango, ba ko taƙi ɗaya tsakani. Ragar nan baƙa ta baya, wadda ta nan zafin da aka zuƙo daga ciki yake fita, ta sha ƙurar hunturu har shekara huɗu, ta haɗu da maiƙon girki da yanar gizo-gizo, ta zama kamar an lulluɓe ta da bargo. Robar ƙofar sama ta tsage a kusurwar ƙasa, iska mai zafi tana shiga ta nan, shi ya sa ƙanƙara ta taru ta gefe guda kawai. Uwargida kan zuba leda arba'in na zoɓo lokaci ɗaya, wani sa'in da ɗumi-ɗuminsa. Wutar kuma tana zuwa ne ta wata siririyar ralonji mai tsawon mita goma, wadda ake jona dutsen guga a jikinta.

Cikin duk wannan babu inda gas ya shigo. Gas ɗin firigo ba kamar na girki ba ne da ake ƙonawa ya ƙare. Yana zagayawa ne cikin bututu rufaffe, moter ya matsa shi, ya huce a ragar baya, ya bi ta filta da wani siririn bututu mai kaurin tsinken tsintsiya, ya faɗa farantin sanyi, ya dawo. Firigo zai iya shekara ashirin da gas ɗin da ya baro kamfani da shi. In ya ragu, to akwai huda, kuma wanda ya ƙara gas bai nemo hudar ba ruwa ya zuba a kwando.

Mai gyara na farko

Wani yaron maƙwabta ne ya kawo shi, ya ce ya gan shi yana gyaran kilima a wani shago. Matashi ne, ya zo a kabu-kabu da kwalbar gas ɗaya, da tiyo, da filaya. Ya buɗe ƙofa ya sa hannu, ya saurari moter, ya ce:

"Hajiya, gas ne ya ƙare. Yanzu zan sa miki, zuwa dare za ki ga ƙanƙara."

Bai jawo firigon daga bango ba sai da zai yi aiki, bai karanta takardar ciki ba, bai auna wuta ba. Ya ɗaura irin bawul ɗin nan mai allura da ke huda bututu, ya jona kwalbarsa, ya buɗe, yana taɓa bututu da yatsa har ya ji ya yi sanyi, ya rufe. An ba shi jaka goma. Aikin bai kai rabin awa ba.

Kwalbar da ya zo da ita ta R134a ce. Nan ne ɓarnar take. R600a da R134a ba ƴan uwa ba ne. R600a yana aiki da ƙaramin matsi, saboda haka moter ɗinsa an yi masa babban ciki, yana zuƙar gas mai yawa kowane juyi. R134a matsinsa ya fi haka nesa, moter ɗinsa ƙaramin ciki gare shi. In aka zuba R134a a moter ɗin R600a, an ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan: zai ja wuta fiye da ƙima, ya yi zafi. Man da ke cikin moter ɗin ma ba ɗaya ba ne, R134a yana bukatar nasa man na musamman, ba ya cakuɗuwa da wanda aka saba sa wa R600a. Ga shi kuma an ƙara ne a kan giram 52 da ke nan daram, ba ko giram ɗaya da ya fita.

Daren farko firigon ya ɗan yi sanyi, har uwargida ta yi wa yaron maƙwabta godiya. Ba gas ne ya jawo haka ba, jawo firigon da aka yi daga bango ne ya ba ragar baya iska. A rana ta uku sai aka fara jin wani sabon sauti: moter ya yi "hmmm" na daƙiƙa huɗu ko biyar, sai "ƙas", ya yi shiru, bayan minti biyu ko uku ya sake. Fitilar ciki tana kamawa, sanyi babu. Aka kira lambar matashin, ranar farko ya ce yana Mirriya, daga nan bai ƙara ɗauka ba. Babu wanda ya san shagonsa, domin ba a tambaya ba.

Na biyu

Shi yana da shago, maigidan da kansa ya je ya same shi. Ya zo, ya saurari ƙarar sau ɗaya, ya taɓa moter ya ji zafi.

"Alhaji, moter ya mutu. Akwai wani mai kyau a wurina, na ciro daga wani firigo. A ɗauko amalanke a kai mini shago."

Kuɗin da ya faɗa ya kusa rabin abin da aka sayi firigon. Ba lallai ne a ce maƙaryaci ne ba, don wannan ƙara ta "hmmm, ƙas" moter da ya ƙone ko ya cije yana yin ta. Amma abu uku ma suna yin ta: rele (ɗan abin da ke taimaka wa moter tashi) da ya lalace, wuta da ta yi ƙasa, da matsi da ya yi yawa a bututu. Kunne ba ya rarrabe su. Mita ce ke rarrabewa, shi kuma bai fito da mita ba. Kuma moter na hannu da aka ciro aka bar bakinsa a buɗe yana shan danshi da ƙura, ba wanda ya san ko na wane gas ne sai an karanta jikinsa. Maigidan ya ce zai yi shawara. Abin da ya hana shi amincewa ba ilimin firigo ba ne, jaka goman da ta tafi ce ta sa shi taka-tsantsan.

Yadda aka nemo na uku

A nan gidan ya canza hanyar nema, kuma wannan ne ya fi cancanta a kwaikwaya. Maimakon tambayar "wa ya san mai gyaran firigo", sai maigidan ya tafi wurin mutanen da sanyi ne jarinsu. Ya tambayi mai sayar da ƙanƙara a bakin titi mai kwanjilater huɗu, ya tambayi mai kifi da kaji daskararru a wajen kasuwar Dole, ya tambayi mai shagon yawur da lemo. Waɗannan in injinsu ya tsaya kwana ɗaya sun yi asara, don haka sun riga sun gwada masu gyara da yawa sun tace. Tambayar da ya yi musu ita ce wa ke yi musu gyara, shekara nawa, kuma in aikin ya dawo yakan zo ko sai an yi ta bin sa. Biyu daga cikin ukun suka ambaci mutum ɗaya.

Masu sayar da kayan gyara ma sun san kowa, sun san mai sayen filta duk sanda ya sayi gas da wanda bai taɓa sayen filta ba. Sai dai shawararsu a riƙa haɗa ta da ta wani, don mai shago yakan tura ka wurin babban mai cinikinsa ne.

Kafin ya kira shi gida, maigidan ya je shagon. Minti biyar a shagon mai gyara sun fi awa ɗaya a waya. Abin da ake dubawa ba tsafta ko girman wurin ba ne, kayan aiki ne: mita ta auna wuta da waya, mita mai baki kamar ƙaguwa da ake maƙala wa waya ta nuna amfiya, wato yawan wutar da ake ja, mano mai agogo biyu na auna matsin gas, famfon zuƙe iska na gaske, ƙaramin sikeli mai nuna giram ɗaya-ɗaya, kwalbar naitirojin, da gas iri-iri kowanne a kwalbarsa. In kwalba ɗaya tal ce a shagon, to ita ake zuba wa kowa. A wannan shagon akwai kuma firigo uku a jone suna aiki, kowanne da ranar da aka gama shi a rubuce da alli a ƙofarsa. Mai shagon ya ce ba ya sallamar aiki sai ya kwana yana gani.

Shi kuma ya yi nasa tambayoyin tun kafin ya taso: wane gas aka rubuta a ciki, fitila tana kamawa, wace irin ƙara yake yi, yaushe ya fara, akwai wanda ya taɓa shi, an taɓa kankare ƙanƙara da wuƙa. Wannan ta ƙarshe tana da dalili. Farantin sanyi na alminiyom ne, hanyoyin gas suna cikin jikinsa, kuma sau da yawa hudar da ake samu a firigon gida tsinin wuƙa ne ya yi ta. Aka yi ciniki kan kuɗin dubawa daban, kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban, kuma ba za a yanke bututu ko a ɗauki firigo ba sai an gaya wa maigida dalili.

Abin da mita ta nuna

Ya zo da yamma da yaron shagonsa. Ya fara da wuta. A bakin ralonji, ana guga a ɗaya ɗakin, mita ta nuna 178. A piriz ɗin bango ta nuna 209. Wajen talatin ke ɓacewa a siririyar wayar. Moter da aka yi wa 220 in wuta ta yi ƙasa haka ba ya samun ƙarfin tashi, sai ya tsaya yana jan wuta yana zafi.

Sannan ya cire firigon daga wuta, ya ɓalle murfin roba da ke gefen moter. A ciki akwai abu biyu ƙanana. Ɗaya rele, mai taimaka wa moter tashi. Ɗaya kilikson, mai yanke wuta in moter ya yi zafi ko ya ja fiye da ƙima, shi ne mai yin "ƙas" ɗin nan. Ya zare rele ya girgiza shi kusa da kunnen maigida, aka ji yana ƙaras-ƙaras kamar tsakuwa a gwangwani. A cikinsa akwai wani ɗan faifai wanda bai fi girman dala goma ba, ya farfashe ya yi baƙi.

Faifan nan aikinsa shi ne ya ba wayar tashi wuta na ɗan lokaci, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya yi zafi ya toshe hanyar. Kafin ya sake yin aiki sai ya huce, kuma hucewar na ɗaukar mintuna. Shi ya sa in wuta ta ɗauke ta dawo nan take, moter ba ya iya tashi: rele bai huce ba, matsin da ke bututu bai daidaita ba. Damagaram da Maraɗi suna samun wuta mai yawa ta layin da ya taso daga Katsina, kuma a watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Ko ba wannan ba, da bazara wuta na yawan ɗaukewa da dawowa, gidaje da yawa kuma suna juyawa zuwa janareta. Kowane irin wannan juyi bugu ne ga rele.

Bayan ya zare rele, sai ƙusoshi uku na jikin moter suka bayyana. Ɗaya na gama-gari ne, ɗaya na wayar aiki, ɗaya na wayar tashi. Ya auna su bibbiyu: 21, 26, 47. Ya juya mitar ga maigida ya ce:

"Alhaji, duba nan. Ashirin da ɗaya da ashirin da shida nawa ke nan? Arba'in da bakwai. In biyun suka haɗu suka ba da na ukun, wayoyin ciki lafiyarsu lau."

Ya ƙara aunawa tsakanin kowace ƙusa da ƙarfen jikin moter, inda ya kankare fenti, mita ba ta motsa ba, wato wuta ba ta zuba a jiki. Wannan gwaji bai kai minti uku ba, kuma shi ne ya raba tsakanin sayen moter da sayen rele, wanda kuɗinsa ɗan kaɗan ne a kan na moter.

Ya sa sabon rele da sabon kilikson masu daidai da ƙarfin moter ɗin, ya jona a bango, moter ya tashi. Da yawa a nan za su karɓi kuɗi su tafi. Shi sai ya maƙala mita mai baki a waya ya zauna yana kallo. Moter irin wannan in yana lafiya wajen rabin amfiya yake ja. Wannan ya fara da 1.1, cikin minti goma ya kai 1.5 yana hawa, saman ragar baya kuma ba ya taɓuwa don zafi. Ya haska tocila ya ga bawul mai allura a jikin bututu, ya shafa masa kumfar sabulu, kumfa ta kumbura. Ya tambayi launin kwalbar da wancan ya zo da ita da abin da aka rubuta a jiki, babban yaron gidan ya tuna lambar. Ya kashe firigon ya ce sai an zubar da duk abin da ke ciki an sake daga farko, kuma wannan aikin shago ne.

Aka kai shi a tsaye cikin adaidaita, an ɗaure. Ba a son kwantar da firigo domin man moter yana gangarawa cikin bututu. In dole ta sa aka kwantar, a bar shi tsaye awoyi da dama kafin a jona.

A shago

R600a ɗan uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta. Giram 52 ba yawa ba ne, amma ya isa ya ƙona fuskar wanda ya kawo wutar walda kusa da bututu mai gas. Don haka a fili aka fitar da firigon, nesa da masu shayi da masu sigari, aka yanke bututu da abin yanka ba da wuta ba, aka bari ya fita, aka busa naitirojin ya kore sauran. Ka'ida ita ce R134a a tara shi a kwalba kada a sake shi a iska, don yana ɗumama duniya fiye da hayaƙin kabon sau dubu da ɗoriya, amma injin tarawa ba kowane shago ke da shi ba. R12 na tsoffin firigo kuwa yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana shi, an daina shi a ƙasashe masu tasowa tun 2010. Wanda ya ce maka zai sa maka R12 yau, ka tambaye shi abin da ke cikin kwalbar.

Ya ɗiga man moter a farar takarda, ya fito garau ba warin ƙuna, don kwana uku kawai ya yi yana aiki da baƙon gas. Ya cire bawul mai allura ya jefar. Irin wannan bawul na gwaji ne na ɗan lokaci, robarsa tana bushewa ta riƙa yoyo, ba a barin sa a jikin firigo. Ya yi waldar sabon bakin caji, wato inda ake zuba gas, a gurbinsa.

Ya canza filta. Ɗan bututun jan ƙarfe ne mai tsawon yatsa, cike da ƴan ƙwayoyi masu shanye danshi. Duk sanda aka buɗe bututun firigo sai an sa sabo, babu ciniki a nan, kuma ba shi da tsada. Wanda ya bar tsohuwar filta yakan jawo wata cuta mai rikitarwa: danshi ya bi gas ya daskare a bakin siririn bututu ya toshe shi, firigo ya yi sanyi awa biyu ya daina, a kashe shi ya narke, a kunna ya sake yi. Mai gida sai ya ɗauka aljanu ne, mai gyara kuma ya ce gas.

Daga nan ya cika bututun da naitirojin, matsin bai wuce bar 8 a agogon mano ba don farantin alminiyom ba ya son matsi mai yawa, ya bi kowace walda da kumfar sabulu, ya bar shi har washegari. Allura ba ta sauka ba. Wannan ya tabbatar da cewa tun asali babu huda, gas bai taɓa fita ba sai ta bawul ɗin da aka sa masa.

Sai zuƙe iska. Ya jona famfo ya bar shi minti arba'in, ya rufe, ya jira ya ga allura ba ta dawo ba. Shaguna da yawa da tsohon moter suke wannan aiki, wasu ma sukan bar moter ɗin firigon ya tura iskar da kansa. Hakan yana fitar da iska mai yawa amma ba ya kai zurfin da danshi zai tashi ya fita. In kana tsaye ka ga an gama walda an jona gas kai tsaye ba a zuƙe ba, ka san za ka dawo.

Caji kuwa da sikeli aka yi. Ya ɗora gwangwanin R600a, ya rubuta nauyinsa, ya kore iskar tiyo, ya buɗe a hankali har sikeli ya nuna giram 52 sun shiga, da ƴan giram na abin da ke tsayawa a tiyo. A firigon da cikinsa 52 ne, kuskuren giram goma kashi ɗaya cikin biyar ne. In ya yi yawa, bututun da ke dawowa moter yakan yi raɓa ko ƙanƙara, wuta ta ƙaru. In ya yi kaɗan, rabin farantin ne ke yin fari. Yatsa ba ya iya gane giram goma. Da aka kunna, mita ta tsaya a 0.6, ta sauko 0.5 bayan awa ɗaya.

Yaron shago ya wanke ragar baya da burushi da ruwan omo. Aka gwada robar ƙofa da takarda: a rufe ƙofa a kanta a ja, in ta zare ba tare da turjiya ba, wurin ba ya kamawa. Ta ƙasa ta gyaru da ruwan zafi, ta sama da ta tsage babu irinta a gari, sai an aika Kano. Aka lallaɓa ta da gam kafin nan. Da safe ma'aunin da aka bari a ciki ya nuna digiri 4 a ƙasa, 17 ƙasa da sifili a sama, kuma moter yana tsayawa yana tashi da kansa, alamar termosta, mai kashe moter in sanyi ya isa, na aiki.

Abin da ya ƙi yin alkawari a kai

Da aka dawo da firigon, bai yarda a mayar da shi sito ba. Aka sa shi a falo ta gefen da rana ba ta bugawa, da tazarar kamar taƙi ɗaya daga bango, aka ja masa waya mai kauri da piriz nasa shi kaɗai. Ya sa aka sayi ɗan akwatin kariya da ake jonawa tsakanin bango da firigo, wanda ke yanke wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama, kuma in ta dawo ya jira ƴan mintuna kafin ya saki. Regilater ya fi shi don yana ɗaga wutar, amma ya fi tsada, kuma tun da a bango an samu 209 ya ce ƙaramin ya isa.

Uwargida ta tambaye shi ko yanzu zoɓonta zai daskare cikin dare ɗaya kamar da.

"Hajiya, da sanyi zai yi. Da bazara ba zai yi ba, kuma ba zan ce miki zai yi ba. Wannan na ajiye abincin gida ne, an yi shi don ƙasar da ba ta san zafinmu ba. Ki bar zoɓon ya huce sarai, ki sa leda goma sha biyar da magariba, kada ki cika shi. In sana'ar kike so ta girma, ki tara ki sayi kwanjilater mai buɗewa ta sama, ki duba takardarsa ki ga harafin T."

Kwanjilater mai murfi a sama ya fi riƙe sanyi saboda iska mai sanyi nauyi gare ta, in an buɗe tana zaune a ƙasa, ba kamar mai ƙofar gefe ba da take zubowa waje duk sanda yaro ya zo sayen leda ɗaya.

Wajen biya, ya kawo tsohon rele da kilikson da filta da bawul a leda ya miƙa wa maigida. Ya rubuta a takarda abin da ya canza, irin gas da nauyinsa, da rana, ya ba da garantin wata uku a kan walda da caji, ban da abin da wuta ta ƙona. Kwafin wannan bayanin ya manna a bayan firigon kusa da moter, don duk wanda zai taɓa shi nan gaba ya san abin da ke ciki. Duka kuɗin, da kaya da hannu da adaidaita, bai kai abin da na biyu ya nema na moter kaɗai ba. Da shi aka fara kira, aikin ba zai wuce wanke raga, matsar da firigo da gyaran waya ba, ba za a yanke bututu ko ɗaya ba.

Robar ƙofar sama ta iso daga Kano bayan sati biyu, ta fi ƙofar tsawo da kamar yatsa biyu, sai da aka yanke aka haɗa kusurwoyin da zafi. Har ƙarshen Mayu firigon yana daskarar da leda goma sha biyar zuwa ashirin a dare, in aka wuce haka na tsakiya sukan wayi gari da ruwa-ruwa.